Jinyar Kifin Gwal Idan Bakteriya Ta Kama Shi

A cikin watan Afrilu ne, zafi ya kai inda ya kai, 'yata ta zo ta same ni bayan sallar asuba ta ce, "Baba, jan kifin nan ya ƙi tasowa cin abinci." Na iske shi kwance a ƙasan akwatin gilashin, ya manne fikafikansa a jiki. Jelarsa ta yi jajayen zare-zare kamar an bi ta da jan biro, ga kuma wani tabo a gefen cikinsa wanda bai wuce ƙwayar wake ba. Kwana biyu ke nan ba mu da wuta, matatar ruwa a tsaye. Na aika kemis aka sayo mini kafso ja-da-yalo, na fasa biyu na zazzage a ruwan. Ruwa ya koma rawaya, ya yi kumfa, a rana ta uku ya fara wari. Kifin ya mutu, ɗaya daga cikin masu lafiyar ma ya bi shi. Abin ya daɗe yana damuna, domin da hannuna na ƙarasa su alhali ceto na yi niyya. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na so a ce na sani a wannan safiyar.

Kifin gwal asalinsa daga ƙasar Sin yake, inda aka fara kiwonsa don ado fiye da shekara dubu da ta wuce. Kifin ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi a digiri 18 zuwa 23 na ma'aunin Selsiyos, kuma idan ya samu kulawa yakan haura shekara goma a raye. Ga shi da ci, ga yawan kashi. Ƙwayoyin bakteriyar da ke kayar da shi, irin su Aeromonas da Pseudomonas, ba baƙi ba ne. Kullum suna nan cikin ruwan, tare suke kwana su tashi, ba sa iya yi masa komai muddin yauƙin da ke lulluɓe da jikinsa yana nan da ƙarfinsa. Sai ruwa ya lalace, ko zafi ya galabaitar da shi, ko ya ji rauni, sannan su samu ƙofa. Saboda haka duk jinyar da ta fara da magani ta bar ruwa a baya, aikin baban giwa ce.

Da farko ka tabbatar bakteriya ce

Ka zauna gaban gilashin ka ƙare wa kifin kallo na 'yan mintoci, da tocila in da hali, ta gefe da kuma ta sama. Idan bakin jela ko na fiffike ya yi fari-fari yana zagwanyewa, har ƙasusuwan suka fito tsirara kamar tsintsiyar da ta tsufa, ruɓewar fiffike ce. Idan akwai jan miki mai zurfi, ɓawon wurin ya zube, gyambo ne, kuma galibi aikin Aeromonas ne. Jajayen zare a jela da ja-ja a ƙarƙashin ciki na iya nufin ciwon ya shiga jini, ko da yake gurɓataccen ruwa shi kaɗai yakan jawo hakan. Akwai kuma wata mai suna Flavobacterium columnare, wadda ke sa fari-fari ko toka-toka a baki, ko wani faci a gadon baya kamar an ɗaura wa kifin sirdi. Ita ce mai gaggawa. Tana son ruwan ɗumi, kuma a lokacin bazara tana iya kashe kifi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ga waɗanda ake ruɗewa da su. Fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gishiri a jiki, wannan wata 'yar halitta ce mai maƙalewa a fata, maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Farin abu mai gashi-gashi, wanda ke lilo a ruwa kamar auduga, funfuna ce, kuma yawanci kan raunin da ya riga ya samu take tsirowa. Ƙananan fararen ƙuraje jere a murfin kumatun namiji da gaban fiffikensa kuwa ba ciwo ba ne sam, alama ce ta ya isa barbara. Na taɓa ganin wanda ya yi mako yana ɗura wa lafiyayyen kifi magani saboda su.

Ruwa, kafin komai

A nan zan daɗe, domin nan ne gizo ke saƙar. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa, wato jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kumatu, ga kashi da ragowar abinci suna ruɓewa suna ƙarawa. Amoniya guba ce, tana ƙona fata da wurin numfashi. Abin da ke hana ta taruwa wasu bakteriya ne masu amfani da ke zaune cikin soson matata. Su ke mayar da amoniya ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Waɗannan bayin Allah iska suke buƙata, kuma ruwan da ke ratsa soson ne ke kawo musu. In aka ɗauke wuta matata ta tsaya na dogon lokaci, sai su fara mutuwa. Haka nan idan ka wanke soson da ruwan famfo mai kulorin, ko ka zuba antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, a babban akwati. Abin da ya faru da ni ke nan: kafson ya kashe masu share ruwan, amoniya ta hau, kifin da ke fama da kansa ya samu kansa cikin guba.

Zafi kuma yana ƙara dagula lamarin ta fuska uku. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin wajen miligiram 9 a kowace lita, amma a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatarta. Gubar amoniya tana ƙaruwa da zafi. Bakteriyar cuta kuma hayayyafa take da sauri. Duk wanda ke ajiye kifin gwal a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ya san cewa daga Maris zuwa Mayu ne lokacin jarrabawa.

In kana da kayan gwajin ruwa, irin na ɗigawa a 'yar kwalba, ka gwada. Amoniya da naitirait sifiri ake so, naitiret kuma kada ya haura miligiram 40 a lita. In ba ka da su, kada ka tsaya nema: ka sauya kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan yanzu-yanzu. Da tiyo za ka zuƙe shi daga ƙasa, kana cusa bakinsa cikin tsakuwa, za ka ga baƙin dattin da zai fito. Sabon ruwan ya zama zafinsa ɗaya da na ciki. Idan na famfo ne, a sa masa maganin kashe kulorin. Barin shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti yana korar kulorin, amma ba ya korar ɗan'uwansa kuloramin, shi ya sa maganin ya fi tabbas. Ruwan burtsatse ko na rijiya ba shi da kulorin, sai dai yakan fito da ƙarancin iska, saboda haka a bar shi ya kwana da injin iska a ciki. Bokiti da tiyon kifi kada su taɓa ganin sabulu ko omo. Soson matata kuma a cikin tsohon ruwan da ka zuƙe za ka matse shi a hankali, ba wankin tas ake so ba.

Sai ka dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, babu abin da zai same su. Ka ƙara iska. Ƙaramin injin iska mai batir ko mai caji, a ganina, ya fi kowace kwalbar magani amfani ga mai kifi a ƙasarmu. Ran da aka ɗauke wuta, ka ciro soson ka ajiye shi cikin akwatin kusa da inda kumfar iska ke fita, masu amfanin su rayu. Don sanyaya ruwa, fanka ta riƙa busa samansa, ko a jefa rufaffiyar gorar ƙanƙara, amma a sauke zafin sannu a hankali, kada ya wuce digiri biyu a tashi ɗaya. Za ka ga a intanet ana cewa a ƙara wa ruwa zafi in kifi ba shi da lafiya. Shawarar ta masu fama da ɗigo-ɗigon nan ce. In bakteriya ce, musamman mai sirdin, ƙara zafi fetur ne a kan wuta.

Ruɓewar fiffike da aka tara da wuri, sau da yawa wannan kaɗai ya ishe ta: sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa kullum har mako guda.

Ka ware marar lafiya

Ba sai ka sayi wani akwatin gilashi ba. Sabuwar roba mai faɗi, mai cin lita 30 zuwa 40, ta wadatar. Babu tsakuwa, babu tsiro, sai injin iska da abin rufewa mai huji don kada ya yi tsalle. A ajiye ta a inuwa, inda yara ba sa yawan leƙe. Da roba ko kofi za ka ɗebo kifin tare da ruwansa, raga tana ƙara kankare masa yauƙi. Tunda babu matata a wannan ɗakin jinya, kai ne matatar: rabin ruwa kullum, ba fashi.

Dole ka san yawan ruwan da ke ciki, domin duk awon da zai biyo baya a kansa yake. Ka auna da jarka yayin zubawa. In akwati ne mai kusurwa huɗu, tsawo sau faɗi sau zurfin ruwan a santimita, a raba da 1000. Mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan.

Gishiri

Gishiri shi ne maganin farko, kuma mutane suna raina shi don arha. Jikin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka kullum ruwa na kutsawa jikinsa, ƙodarsa na aikin fitarwa. Idan fata ta ɓule, ruwan da ke shiga sai ya ninka. Gishiri kaɗan a ruwa yana rage masa wannan wahala, yana kare shi daga gubar naitirait, yana kuma takura wa mai sirdin nan.

Awon shi ne giram 3 a kowace lita, amma ba a zuba shi gaba ɗaya. Giram 1 a lita yanzu, bayan awa 12 a ƙara giram 1, bayan wasu 12 a cike na uku. A robar lita 40, giram 40 ke nan kowane zubi, kimanin cokalin shayi bakwai a shafe. A narkar da shi a kofi tukuna, a tsiyaya a hankali nesa da kifin. Gishiri zalla mai tsakuwa-tsakuwa, wanda ba a gauraya shi da komai ba, shi ya fi. Kanwa kuwa kada ta kusanci ruwan nan, don tana sauya yanayinsa yadda gubar amoniya za ta ƙaru matuƙa.

Wurin da ake yawan kuskure: gishiri ba ya bin tururi. Idan ruwa ya ragu don zafi ka cike, kada ka ƙara gishiri. Idan kuwa ka kwashe lita 20 ka zubar, to sabuwar lita 20 ɗin za ka sa wa nata giram 60. Ka riƙa rubutawa a takarda ka manna a jikin robar. Kwana goma zuwa mako biyu ya isa.

Wanke gyambo

Idan akwai buɗaɗɗen miki, ana iya shafa masa aidin irin na wanke rauni, wato Betadine. Ka shirya komai kafin ka taɓa kifin: tsumma mai laushi da aka jiƙa da ruwansa, tsinken auduga biyu, aidin a murfin kwalba. Ka jiƙa hannunka, ka ɗora shi kan tsumman, ka rufe masa ido da gefensa, za ka ji ya lafa. Kansa ya ɗan fi jelarsa tudu, yadda in maganin ya gangara ba zai nufi ido ko wurin numfashi ba. Tsinke na farko ka tsane mikin, na biyu ka ɗiga aidin, sai ka mayar da shi ruwa. Duk aikin kada ya kai minti ɗaya. Sau ɗaya ake yi, in ya kama a maimaita bayan kwana uku ko huɗu. Da zarar ka ga gefen mikin ya fara fari, wata siririyar fata ta soma rufe jan, ka janye hannunka. Sabuwar fata ce, aidin zai ƙone ta.

Shuɗin maganin nan metilin bulu yana taimakawa idan funfuna ta hau kan rauni, a bi awon da ke jikin kwalba, kuma a robar jinya kawai. Masu kiwon tarwaɗa za su ba ka shawarar fotasiyam famanganet, garin nan mai mayar da ruwa shunayya. Yana aiki, amma awonsa miligiram 2 ne a lita. A lita 40, bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, kuma in ya ɗan zarce sai ya ƙone wurin numfashi. Wanda ba shi da ƙaramin sikeli mai auna miligiram, shawarata ya bar shi.

Yaushe ake kai wa ga antibayotik

Idan an yi kwana uku zuwa huɗu ana gyaran ruwa da gishiri amma miki na faɗaɗa, ko ja ya bazu a ciki, ko ruɓewa ta kusa cin gindin jela, lokaci ya yi. In mai sirdi ce, ba a jira ko kwana ɗaya. A nan ina roƙonka ka nemi likitan dabbobi, ka tafi masa da hoton kifin da bayanin ruwan. Dalili kuwa, ba kowane antibayotik ke aiki a kan waɗannan ƙwayoyi ba. Amfisilin da amoksisilin, waɗanda suka fi sauƙin samu a kemis, yawancin Aeromonas ba sa jin su ko kaɗan. Eritiromaisin ma ba nan ne fagensa ba, ga shi da kashe masu amfanin matata. Waɗanda aka fi amfani da su su ne kanamaisin, wanda ake sayarwa da sunan KanaPlex, da oksitetirasaikilin, sai enrofuloksasin, wato Baytril, wanda likita kan yi wa babban kifi allurarsa.

In kifin yana cin abinci, ta baki magani ya fi shiga, domin ciwon a cikin jiki yake. Dubi lissafin oksitetirasaikilin: kimanin miligiram 75 ne ga kowane kilo na nauyin kifi a rana, har kwana 10. Kifi mai giram 50 ke nan bai kai ga buƙatar miligiram 4 ba a yini, alhali kafso ɗaya miligiram 250 ne, ya ninka buƙatarsa fiye da sau sittin. Yadda ake haɗawa, in kifin na cin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, kafso ɗaya zai gauraya da abinci kimanin giram 65. A kwaɓa garin da 'yan ɗigon man gyaɗa, a juya abincin a ciki har ya game ko'ina, a bar shi ya sha iska a inuwa, a adana a firji cikin abin da haske ba ya shiga. Kifi mai giram 50 zai ci giram ɗaya a rana, a raba safe da yamma, abin da ya bari a kwashe. Zuba wannan magani a ruwa kuwa yawanci asara ce, musamman inda ruwa ke da gartsin ƙasa, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta. Sinadarin kalsiyam da ke ciki yana ɗaure maganin ya hana shi aiki, haske ma yana lalata shi. Ka kuma sani cewa ƙwayoyi da yawa a kifayen ado sun riga sun saba da shi, don haka in an yi kwana huɗu ko biyar ba sauƙi, a koma wa likita ya sauya.

Wanda ya daina ci, sai maganin ruwa ko allura. A bi takardar maganin daidai, a cire gawayin matata in akwai, domin yana tsotse magani. Kada a haɗa magunguna biyu da ka, kuma kada a tsaya a rana ta uku don an ga ya fara walwala. Yanke magani a tsakiya shi ke barin ƙwayoyi masu taurin kai su dawo da ƙarfinsu. Ruwan da aka yi jinya da shi a zubar a busasshiyar ƙasa, nesa da rijiya.

Akwai ciwon da ya fi ƙarfinmu

Idan ka leƙa ta sama ka ga ciki ya kumbura, ɓawon jiki ya miƙe tsaye kamar bayan abarba, wataƙila har ido ya fito, to ƙoda ce ta gaza, ruwa ya taru a jiki. Akan gwada ruwa mai tsabta da antibayotik, wasu su tashi idan an tara da wuri, amma mafi yawa ba sa tashi. Haka kifin da ke ramewa wata da watanni, bayansa na lanƙwashewa, magani bai yi masa komai: ana zargin Mycobacterium, kuma ba ta da maganin gida. Wannan ta shafe ka kai ma, don tana shiga jikin mutum ta yanka ko ƙujewa. In kana da rauni a hannu, ka sa safar roba kafin ka tsoma shi a ruwan, ka kuma wanke da sabulu bayan ka gama. Idan wani ƙurji ya fito maka a hannu ya ƙi warkewa makonni, ka gaya wa likita kana kiwon kifi.

Kifin da ya kwanta a gefe kwana da kwanaki, ba ci, numfashi da ƙyar, barinsa azaba ce. Man kanumfari yana sa shi barci har rai ya fita ba tare da wahala ba. Kimanin mililita 0.4 ne a kowace lita. A girgiza shi da ruwa mai ɗumi a 'yar kwalba har ya yi fari, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin mintoci biyar, a bar kifin a ciki rabin awa bayan kumatunsa sun daina motsi. Sai a binne shi. Kada a ba kyanwa, kada a jefa a kwata.

Komawa gida

Alamar sauƙi ta farko ita ce fiffiken gadon baya ya miƙe, kifin ya taso yana neman abinci da ya hango ka. Jelar da ta zagwanye za ta fara tsiro da wani siririn baki garai-garai kamar leda. Wani lokaci baƙin tabo kan fito a inda ya ƙone, kada ka tsorata, warkewa ce, zai goge da kansa. Bayan magani ya ƙare, ka ci gaba da sauya ruwa ba tare da ƙara gishiri ba har ya salance, ka ba shi mako guda a haka kana lura.

Kafin ya koma, ka duba abin da ya kayar da shi tun farko. Masu kiwo sukan ba kifin gwal ɗaya lita 75, kowane ƙari kuma lita 40, saboda haka 'yar tukunyar gilashin nan mai zagaye ba mazauninsa ba ce. Ka cire duk wani dutse ko ado mai kaifi. Abinci abin da za su cinye cikin minti biyu, a lokacin zafi ma a rage. Sabon kifi daga kasuwa ya yi mako uku zuwa huɗu a robar nan shi kaɗai kafin ya haɗu da sauran. Ranar mayarwa, ka sa shi a roba ƙarama da ruwansa, ka ɗora ta a saman ruwan akwatin minti ashirin, kana ƙara masa ruwan akwatin kofi-kofi har zafinsu ya daidaita. Ka kashe fitilar akwatin, ka karkata robar a hankali ya fita da kansa, abinci kuma sai gobe da safe.